Kai! Ashe Jami'a Ma Tana Neman Mai Walda!

Kai! Kai, jama'a! Mutanen Tudun Murtala, ku ɗan dakata. Mai shayi, rage wutar nan. 'Yan majalisa, a jingine musun ƙwallo tukuna. Na zo da labari, kuma wallahi ya ƙi zama a cikina.

Jami'a tana ɗaukar mai walda aiki!

Mai walda fa! Irin namu na bakin titi, mai baƙin tabarau da rigar da tartsatsi ya huhhuda. Tana ɗaukar kafinta. Tana ɗaukar birkila. Mai gyaran famfo, mai gyaran wuta, mai gyaran firji, direban bas, da makaniken da zai kwanta a ƙarƙashin bas ɗin. Kuma ba jinga ba. Aiki na takarda, mai albashi duk ƙarshen wata, mai ƙarin girma, mai hutun shekara, mai fansho!

Mu a nan unguwar, da an ce jami'a me ke faɗo wa mutum a rai? Lakcara. Farfesa mai furfura da tulin littattafai. Shi ke nan. Yaro ya gama sakandare, ko ya ƙware a sana'a, sai ya nufi Bompai ko Dakata yana bin ƙofofin kamfanoni. Kamfanonin da iyayenmu suka ci abinci a cikinsu, da yawansu yanzu sai ƙofa a garƙame da ciyawa ta rufe harabar. In bai dace ba ya karɓi A Daidaita Sahu yana kai balas. Jami'a kuwa ta 'yan boko ce, sai hange daga nesa.

To ku saurara.

Akwai wani dattijo a layinmu, tsohon ma'aikacin lantarki. Bayan La'asar yana zaune a kan tabarma a ƙofar gidansa, jarida a cinya, ya yafito ni.

"Ɗan nan, zo ka karanta mini wannan. Rubutun ya yi wa idona ƙanana."

Shafi guda cur! Sanarwar guraben aiki ce daga wata jami'a. Sama ta fara da manya: ana neman farfesa a fanni kaza, babban lakcara a fanni kaza, mai digirin digirgir, mai wallafe-wallafe.

"Kada ka tsaya a sama," in ji shi. "Gangara ƙasa."

Na gangara. Kai!

Akanta. Mai binciken kuɗi. Ma'aikacin ɗakin karatu. Nas. Ungozoma. Mai haɗa magani. Masanin na'urorin ɗakin gwaje-gwaje. Mai kula da kwamfutoci. Sakatare. Mai kula da sito. Injiniyan gini, mai awon ƙasa, mai kula da gona. Malamin firamare! Mai horar da 'yan wasa! Sai ga masu sana'ar hannu a jere, layi bayan layi. Na karanta na sake karantawa, yatsana yana bin layin, bakina a buɗe.

Ya yi murmushi. "Ni ɗin nan da kake gani, da filaya da sukundireba na yi aikin jami'a har na yi ritaya. Ko sau ɗaya ban tsaya gaban allo ba. Da shi na yi gidan nan, da shi na aurar da yayyenka."

"Baba, kuma ba ka taɓa faɗa mana ba?"

"Wa ya tambaye ni?"

Wa ya tambaye shi! Mutum yana zaune a tsakiyarmu da wannan sani, kullum muna gaishe shi muna wucewa!

Ku tsaya ku ji lissafi, don lissafin ne ya ƙarasa ni. A shekarar 2012 Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamitin da ya zaga jami'o'in gwamnati don ya ga halin da suke ciki, ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu, wanda daga baya ya shugabanci hukumar zaɓe. Kwamitin ya ƙirga malamai masu koyarwa, ya samu 37,504. Ya ƙirga ma'aikatan da ba sa koyarwa. Nawa kuke tsammani? 77,511! Ninki biyu har da ɗoriya! Wato duk malami ɗaya da ke gaban allo, akwai mutum biyu a bayan fage suna riƙe masa wurin. Lissafin ya kwana biyu, an buɗe jami'o'i da yawa bayansa, amma abin da ya nuna bai tsufa ba: mafi yawan masu cin abinci a jami'a ba su taɓa ba da lakca ba.

Na ce, "Baba, sai na gani da idona."

Ya ce, "Gani ya kori ji. Shirya."

Daga Tudun Murtala muka hau A Daidaita Sahu zuwa Bata, daga Bata zuwa Kabuga, daga nan muka miƙe titin Gwarzo, muka wuce Rijiyar Zaki. Daga wannan gefen Kano zuwa wancan. Sai ga ƙofar sabon mazaunin Jami'ar Bayero.

Jama'a, gari ne! Gari guda! Tituna, shataletale, masallatai, bankuna, asibiti, gidajen ma'aikata, ɗakunan kwanan ɗalibai, filayen wasa, gonaki, motoci suna kai da kawo. Ka duba gabas gini, ka duba yamma gini, ka hanga can nesa wani ginin ne ake ɗorawa. Abin da ya faro a 1960 a matsayin 'yar kwaleji a cikin Makarantar Nazarin Larabci ta cikin birni, aka sa masa sunan Sarki Abdullahi Bayero a 1962, ya zama cikakkiyar jami'a a 1977. Shi ne ya zama haka! Kuma wannan ɗaya ne daga cikin mazaunanta. Ga tsohon mazauni can kusa da Kabuga, ga ɓangaren likitanci a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a titin Zariya, ga Gidan Mambayya a Gwammaja.

To wa ke kunna wa garin nan wuta? Wa ke tura masa ruwa? Kujera ta karye a ɗakin lakca mai cin ɗaruruwan ɗalibai, wa zai gyara?

Baba bai kai ni ofishin kowa ba. Sashen ayyuka da gyare-gyare ya nufa da ni kai tsaye.

Tun kafin mu shiga na ji ƙamshin katako da aka yanka yanzu-yanzu. Ƙarar zarto. Ƙarar guduma a kan ƙarfe, ƙwal, ƙwal, ƙwal. Kujerun ɗalibai a jibge, wasu ba ƙafa, wasu ba majingina. A gefe wani bawan Allah ya durƙusa yana walda, shuɗiyar wuta tana walƙiya, tartsatsi yana zuba a kan siminti, warin ƙarfen da ya ƙone ya cika wurin. Ya ɗaga tabarau, ya ga Baba, ya miƙe da sauri yana goge hannu a jikin riga.

"Maigida! Barka da zuwa, maigida!"

Ni kuwa ba fuskarsa nake kallo ba. Wuyansa nake kallo. Katin shaidar ma'aikaci ne rataye a wuyansa, da hotonsa, da lambarsa, da tambarin jami'a. Tambarin nan dai da ke kan katin farfesa. Shi ɗin dai! Hannu duk baƙin mai, kati yana lilo a ƙirji. Kai! Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Na tuna samarin layinmu masu irin wannan hannu, masu irin wannan ƙwarewa, wasu ma in aka ba su ƙarfe sai sun ba ka mamaki, amma ko a mafarki ba su taɓa ganin kansu a nan ba.

Wuta kuwa, ka san a harabar nan aka kafa tashar lantarki mai aiki da hasken rana mai ƙarfin megawat 7.1? Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, shi ya zo ya buɗe ta a watan Satumba na 2019. Faranti bayan faranti, sahu-sahu, suna ƙyalli a rana har ido ya gaji. Yaranmu da ke hawa rufin gidaje a Gwagwarwa da Kawaji suna ɗaura sola, ku ji fa, sana'arku ce wannan, girma kawai ta fi.

Daga nan sai wani ɗakin gwaje-gwaje. Sanyi ya buge ni tun daga ƙofa. Wani wari mai kama da na asibiti. Kwalabe sirara a jere, wasu da ruwa ja, wasu shuɗi, wasu fari tas. Madubin ganin ƙwayoyin cuta a rufe da mayafi, ɗaya bayan ɗaya. Wata baiwar Allah cikin farar riga a kan hijabinta, safar roba a hannu, tana auna wani gari a kan ma'auni, tana ƙarawa kaɗan-kaɗan, ko numfashi mai ƙarfi ba ta yi.

Na yi sallama, na ce, "Malama, ke ce lakcarar?"

Ta ce, "A'a, Malam. Ni ke shirya musu. Kafin malami ya shigo da ɗalibai, na haɗa komai, na gwada komai. In na'ura ta ƙi aiki, ni za a nema."

Babbar difloma gare ta daga kwalejin fasaha, a fannin aikin ɗakin gwaje-gwaje. Difloma! Ga Makarantar Fasaha ta Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano nan a titin Matan Fada, cikin Nassarawa, kusa da mu! Irin waɗannan ma'aikata har ƙungiyarsu daban gare su, NAAT. Kowa ya san ASUU, saboda yajin aiki. Amma ƙungiyoyin ma'aikatan jami'a da aka daɗe da sani huɗu ne: ASUU ta malamai, SSANU ta manyan ma'aikata, NASU ta sauran ma'aikatan da ba sa koyarwa, da NAAT ɗin nan. Uku cikin huɗu ba na masu lakca ba ne!

Muka leƙa Cibiyar Nazarin Noma a Yankuna Masu Ƙarancin Ruwa, wadda aka kafa a 2012, har Bankin Duniya ya sa ta cikin zaɓaɓɓun cibiyoyin bincike na Afirka. Nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Shuka a cikin kwalba! Tsiro ɗan mitsitsi, kore shar, bai kai tsawon yatsa ba, yana tsaye a cikin kwalba a rufe, ba ƙasa, ba taki, a ƙarƙashin farin fitila. Kwalba bayan kwalba, kanta bayan kanta. A waje kuma ga gona, ga bututun ban-ruwa yana ɗiga ɗis, ɗis, ɗis a gindin kowace shuka. Wa ke tuƙa tarakta a nan? Wa ke haɗa bututun? Wa ke auna tsawon dawa yana rubutawa a littafi? Ma'aikata ne. Ɗan manomi, wannan wurin ya san darajarka.

Ɗakin karatu kuwa, shiru kamar ba kowa alhali cike yake. Masu jera littattafai, masu shigar da sunayensu a kwamfuta, masu ɗinke wanda ya yage, masu lallaɓa tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami da kakanninmu suka bari. Jami'ar tana da maɗaba'arta. Tana da gidan rediyonta, BUK FM, a kan mita 98.9, kuma rediyo ba ya tashi sai da injiniya da mai haɗa sauti. Tana da makarantar 'ya'yan ma'aikata, ga aikin masu NCE da digirin koyarwa. Tana da asibitinta.

Hausa ma aiki ce a nan! Cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta jami'ar, ita ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, Hausa zalla ana fassara ta da Hausa. Mutane ne suka zauna shekara da shekaru suna tattara kalmomi, suna tacewa, suna musu a kan ma'ana, ana biyansu albashi. A biya ka don ka san harshen uwarka da kyau! Kai, Allah mai iko!

Ga wani kuma da ya tsaya mini a rai, mata ku matso. Farfesa Hadiza Galadanci, likitar mata a Asibitin Malam Aminu Kano, tana cikin jagororin wani gagarumin bincike kan zubar jini bayan haihuwa, abin da ya cinye mana iyaye da 'yan'uwa ba adadi. An yi shi a asibitoci 80 a Nijeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata sama da 200,000. Wata 'yar leda ce mai awo ake shimfiɗa wa mai haihuwa, a ga yawan jinin da ido, a ba da magunguna gaba ɗaya ba tare da jinkiri ba. Da aka fitar da sakamakon a 2023, mummunar zubar jini da abin da take jawowa sun ragu da kashi 60 cikin 100. Sittin! To bincike irin wannan farfesa ita kaɗai ba ta iya shi. Sai da ungozomomi, sai da masu tattara bayanai, masu shigar da su kwamfuta, direbobi, masu lissafin kuɗi. Irin wannan aikin na wa'adi ne, in binciken ya ƙare ya ƙare, amma ƙofa ce. Kuma ran uwa ne ake cetowa da hannunka a ciki.

Masu digiri, na san kun ƙagu. Naku ma yana nan, kuma tsani ne mai hawa bakwai.

Ka fito da sakamako mai daraja ta ɗaya, ko ta biyu babba, ka gama bautar ƙasa, ana iya ɗaukarka mataimaki mai neman ƙwarewa a sashenku. Hawan farko ke nan. Sharaɗin shi ne ka ci gaba da karatu. Ka yi digiri na biyu ka zama mataimakin lakcara. Daga nan lakcara mai daraja ta biyu, lakcara mai daraja ta ɗaya, babban lakcara, mataimakin farfesa, farfesa. Tsakanin hawa da hawa akan yi aƙalla shekara uku, kuma zama kawai ba ya hawar da mutum, sai ka yi bincike ka wallafa. Hawa biyun ƙarshe ma sai an aika rubuce-rubucenka ga manyan malamai na wasu jami'o'in sun duba sun ce ka isa.

Kuna son ku ga wanda ya hau shi tun daga ƙasa? Farfesa Abdalla Uba Adamu, ɗan cikin birnin Kano. A 1980 ya shiga Jami'ar Bayero a hawan farko. A 1997 ya zama farfesa a fannin koyar da kimiyya. Bai tsaya ba! A 2012 ya sake zama farfesa a wani fannin daban, na kafafen sadarwa da al'adu, bayan dogon nazari a kan littattafan Hausa da finafinai da waƙoƙi. Farfesa sau biyu! A 2016 aka ba shi shugabancin Buɗaɗɗiyar Jami'ar Nijeriya. Farfesa Attahiru Jega daga ajin Bayero ya shugabanci ASUU, ya shugabanci jami'ar daga 2005 zuwa 2010, ya tafi hukumar zaɓe. Farfesa Ruƙayyatu Ahmed Rufa'i, ita ma malamar Bayero, ta zama Ministar Ilimi a 2010.

Kuma akwai asusun TETFund, wanda ake tarawa daga harajin kamfanoni, yana ɗaukar nauyin malaman manyan makarantun gwamnati su yi digiri na biyu da na uku. Kana karatu, albashinka yana shiga. Ka ji fa!

Wanda ba ya son allo, ga tsanin ofis. Ka fara a ƙaramin jami'in mulki, ka zama mataimakin magatakarda, ka yi ta hawa har wata rana a kira ka Magatakardan Jami'a, mai riƙe da duk takardunta. Akanta kuma ƙarshen tsaninsa shi ne Ma'ajin Jami'a. Albashin malamai yana kan tsarin CONUASS mai mataki 7, na sauran ma'aikata yana kan CONTISS mai mataki 15. Ritaya? Dokar 2012 ta ba farfesa har shekara 70, ma'aikacin da ba ya koyarwa 65. Ma'aikacin gwamnati na gama-gari kuwa yana cika 60, ko ya yi shekara 35 yana aiki, sai gida.

A hanyar dawowa na tambayi Baba abin da ke cina.

"Baba, to me ke sa su nemi mutane? Ba a cike suke ba?"

"Cika? Ɗan nan, kullum wani yana ritaya, wani yana rasuwa, wani yana tafiya ƙasar waje. Kuma akwai masu zuwa duba su."

Masu zuwa duba su, wato Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC. Ba ta amincewa da kwas sai ta zo ta ƙirga. Malami nawa? Ɗalibi nawa? A ƙa'idarta, fannonin adabi da zamantakewa malami ɗaya ga ɗalibai 30, kimiyya ɗaya ga 20, injiniyanci ɗaya ga 15, likitanci ɗaya ga 10. Ta leƙa ɗakin gwaje-gwaje ta ga ko akwai ƙwararrun da ke kula da shi. Ta leƙa ɗakin karatu. In ba su cika ba, kwas yana cikin haɗari. Don haka duk sabon kwas, duk sabuwar tsangaya, guraben aiki ne ke biye da su.

Sabbin jami'o'i kuwa, kai, Kano ta cika ta batse! Ta Wudil da aka buɗe a 2001, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Aliko Dangote. Northwest ta 2012, mai reshe a dogon benen nan na Gidan Ado Bayero a Ƙofar Nassarawa. Skyline a titin Zariya tun 2018. Ta Maryam Abacha a Hotoro, nan bayanmu, wadda 'yar'uwarta ke Maraɗi. Al-Istiƙama a Sumaila. Ta Khalifa Isyaku Rabi'u. Baba Ahmed. Azman. Tsohuwar kwalejin ilimi ta tarayya da ke Kabuga ita ma ta zama jami'a. Kowacce da janaretonta, da famfunanta, da motocinta, da ofishin kuɗinta. Kowacce!

Kada zumuɗi ya sa in ɓoye muku ɗacin. Albashin jami'ar gwamnati ba ya sa mutum ya yi arziki, balle a wannan tsadar. Malamai da kansu suna kuka, kuma kukansu gaskiya ne. A 2022 wata takwas cur jami'o'in tarayya suna rufe, daga Fabrairu zuwa Oktoba, aka riƙe albashi, gidaje suka ji a jikinsu. Likitoci da injiniyoyi suna ta ficewa. Shara da gadi, a wurare da yawa an miƙa su ga kamfanonin kwangila, ba su cikin ma'aikatan dindindin. Guraben kuma ba kullum ake buɗe su ba, in an buɗe masu nema sun ninka su nesa ba kusa ba. Ga wa-ka-sani. Ga masu sayar da gurbi, abin da ya yi ƙamari a ma'aikatun tarayya har Majalisar Wakilai ta kafa kwamitin bincike a 2023. Abin yana ƙona mini rai, don ɗan talaka ake zalunta.

Duk da haka! Duk da haka, ƙa'ida tana nan a rubuce, kuma ta fi ƙarfin wanda bai san ta ba ne kawai. Ƙa'idar Hukumar Raba Daidai ta Tarayya ita ce a buga sanarwar guraben aiki a jaridun ƙasa aƙalla biyu, a ba mutane mako shida su nema. Ƙananan ma'aikata kuma daga yankin da ma'aikatar take ake ɗibar mafi yawansu. Yankin nan mu ne! Wanda bai nema ba, shi ya sauƙaƙa wa mai cuwa-cuwa aikinsa.

Kuma a nan ne Baba ya faɗi maganar da ta sa na kasa barci.

"Yaran nan sun iya aiki. Takarda ce ba su da ita."

Takarda! Mai walda ya shekara goma yana walda, hannunsa ya faɗa, amma ba shi da ko ƙyallen takarda da ke cewa ya iya. Jami'a kuwa da fayil take aiki. Alhali akwai takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, mai daraja ta uku, ta biyu, ta ɗaya. A gwada ka a kan abin da kake yi kullum, a ba ka shaida! Akwai jarrabawar NABTEB ta masu sana'a da fasaha. Direba, lasisinka na gaske, mai ajin babbar mota. Da irin waɗannan Baba ya shiga. Da su mai waldan nan ya rataya kati a wuya.

Don haka, ƙannena na gareji da na shagon walda, ku je ku yi gwajin nan tun kafin a buga sanarwa, don mako shida ba ya isa a fara neman takarda daga tushe. Masu difloma da digiri, ku haɗa naku wuri ɗaya: sakamakon makaranta, takardar gama bautar ƙasa ko ta yafewa, takardar haihuwa, takardar shaidar ƙaramar hukuma, da tarihin karatu da aiki a rubuce tsaf. Ku tabbata sunan da ke kan wannan shi ne a kan waccan, harafi da harafi, ranar haihuwa ma haka. Ku nemi mutum uku masu mutunci da suka san ku, waɗanda za su rubuta shaida a kanku, don ana tambaya. Masu son koyarwa da ke makaranta yanzu, sakamakon da za ku fita da shi ne mabuɗin, ku riƙe shi da kyau tun daga aji ɗaya. 'Yan mata, nas, ungozoma, ɗakin gwaje-gwaje, ɗakin karatu, ofishin kuɗi, har gaban allon, duk na ga mata a ciki da idona. Iyaye, ku bar su su nema.

Majalisun unguwa, ku da kuke haɗa kuɗin kallon ƙwallo, ku haɗa na jarida. Mutum ɗaya ya duba shafukan sanarwa, ya faɗa wa saura. Limamanmu da masu unguwanni, in an ga sanarwa ta gaskiya a faɗe ta bayan salla, yadda ake faɗin ɗaurin aure.

Wanda kuma ya turo maka saƙo a WhatsApp ko Facebook cewa akwai gurbi a jami'a kaza, ka tura kuɗi a wannan asusun a sa sunanka, ɓarawo ne. Kada ka ba shi ko sisi. Ka taka da ƙafarka zuwa ofishin magatakardan jami'ar, ka yi sallama, ka tambaya.